Cokali Goma Sha Ɗaya

Halliru, mijin yayata Rahmatu, malamin kemistiri ne a wata makarantar sakandare da ke Isa. Ni kuwa, Kalilu, goro nake ɗauka daga kasuwar Sabon Birni in tsallaka da shi Maraɗi, in dawo da abin da ya samu. Tun ranar da aka ɗaura aurensu nake tsokanarsa, don haƙƙina ne na ƙanen mata, shi kuma bai taɓa iya ramawa ba. Mutum ne mai magana a hankali, in ka tambaye shi ko za a yi ruwa gobe, sai ya faro maka bayani daga teku. Ina son sa ƙwarai, amma ban taɓa bari ya gane ba.

Sun daɗe ba su sami haihuwa ba. Da Allah ya kawo, sai ya kawo mace, aka sa mata Jamilatu. 'Yar fari ce, kuma a wajenmu 'yar fari ba ta iyayenta ba ce a idon jama'a. Ba sa ɗaukarta a gaban mutane, ba sa tambayar lafiyarta kai tsaye, ko faɗuwa ta yi sai su kalli gefe har wani ya ɗaga ta. Halliru da duk bokonsa ya riƙe wannan kunya fiye da kowa. Na sha ganin yarinyar ta rarrafo ta kama masa ƙafa, shi kuwa ya kafa wa bango ido kamar bango ya yi masa tambaya.

Da Rahmatu ta sake samun ciki, sai aka yaye Jamilatu aka kai ta Kamarawa wurin mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Adda, har mu da ta haifa. Adda ta haifi tara, ta kuma karɓi haihuwar rabin unguwa. Ba a koya mata reno, kuma wanda ya gwada bai sake ba.

Wannan a bazarar da ta biyo farin shekarar tamanin da huɗu ne. Gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye ba ƙwaya. Rijiyoyi sun ja baya, mata na haƙa yashi a tsakiyar gulbi su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. A shekarar nan kowa ya koyi sana'a guda, ita ce cikewa. Garin tuwo ya gaza, a cike da dusa. Dusa ta gaza, a cike da ganyen tafasa. Mudu dai ya cika, tukunya ta yi nauyin da ta saba, yara su ga an sauke wani abu daga murhu. Adda ta fi kowa gwaninta a wannan, kuma da gwanintar nan ta fitar da gidanmu daga yunwa ba mu binne kowa ba. Na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya ɗauke ta sakarya.

Ana cikin haka gudawa ta shigo gari, ta fi kama yara, ta kama Jamilatu. A lokacin rediyo ba ya gajiya da maimaita maganar ruwan gishiri da sukari: a tafasa ruwa ya huce, a auna cikin kwalbar lemo biyu, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari cokali goma ko mai ƙwaya guda biyar, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Adda ta haddace shi tsaf, ta kuma yi ta haɗa shi daidai, har safiyar da gwangwanin sukarinta ya ba da cokali takwas ya tsaya. A Kamarawa a lokacin sukari ya zama labari, ba a shago ba, ba a gidan maƙwabta ba. Ina zaune ina kallo ta kankare gindin gwangwanin, sannan ta jawo gishiri ta zuba cokali uku maimakon ɗaya.

"Goma sha ɗaya anka ce," in ji ta. "Ga goma sha ɗaya. Dut hwarin abu na."

Na yaba mata. Wallahi har cikin raina dabara na gani.

A safiyar nan ina da saƙo a Isa, don haka na biya gidan Rahmatu. Na tarar da ita a tabarma tana tsince wake, cikinta ya yi nauyi har tashi sai da dafa bango. Halliru yana ƙarƙashin darbejiya yana duba aikin ɗalibansa da jan biro. Muka gaisa. Rahmatu ta tambayi Adda, ta tambayi matata, ta tambayi maƙwabta, har awaki ta tambaya, sannan ta ce, "Da sauran mutanen gida?"

Na ce yarinyar Adda ce dai ba ta jin daɗi, gudawa ce, amma ana ba ta ruwan nan na rediyo.

"Allah shi sawwaƙa," in ji Rahmatu. Ta ci gaba da tsintar wake, sai dai na lura mai kyan take zubarwa tana barin tsakuwar.

Halliru bai ɗago kai ba. Can ya ce, kamar mai tambayar labarin kasuwa, "Sukari na samuwa wajenku?"

"Ina hwa! Amma ka san Adda." Na ba shi labarin takwas da uku, ina alfahari, har da kwaikwayon muryarta.

Biron ya tsaya.

"Ukku?"

"Ukku."

"An hwara ba ta?"

"An hwara sa'ad da nit taso. Tana ƙi, tana kuka, Adda na lallashi."

Ya rufe takardun ya jera su, ya ɗora musu dutse, duk a natse, har na fara jin haushinsa. Sannan ya ce wa Rahmatu, "Na daɗe ban gaida su Inna ba. Za ni bi Kalilu in dawo." Inna yake ce wa Adda. Rahmatu ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da kwalin sukari mai ƙwaya wanda suke ɓoyo don ranar sunan abin da ke cikinta. Ta tura masa shi a aljihu da kanta. A nan ne na gane abin ba wasa ba ne, don na san yayata, ba ta taɓa kayan suna a banza.

Ya goya ni a babur ɗinsa. A hanya ya yi ta yi mini bayani, iska na kwashe rabi. Abin da ya shiga kunnena biyu ne kawai: gishirin ya yi yawa, kuma in aka ci gaba zai iya kashe ta. Dalilin kuwa bai zauna mini ba ko kaɗan.

Da muka isa Kamarawa, Halliru ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa a jikin darnin kara da ya kewaye gidan, ya yi gaisuwa. Adda ta amsa daga ciki. Iyakarsu ke nan tun da ya auri 'yarta. Suruki ba ya shiga tsakar gida ya tsaya gaban surukarsa, ba ya haɗa ido da ita, balle ya buɗe baki ya ce ta yi kuskure. Ga shi kuma maganar ta 'yar fari ce, wadda ko ciwonta bai kamata a ji a bakinsa ba.

Ni na shiga. Jamilatu na kwance a rumfa bisa tabarma, idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun tsattsage, tana kuka ba hawaye. Adda na gefenta da kwano da cokali.

"Adda, a dakata da ruwan ga. Gishiri ya yi yawa."

"Wa yac ce?"

"Malam."

"Malam ya taɓa renon ɗa?"

"A'a, amma ai aikinai na, irin wanga haɗe-haɗe."

"Rediyo yac ce sha ɗaya, ni kau na cika sha ɗaya. Mi ya rage? Hwaɗa mani."

Ni ma a lissafina sha ɗaya sha ɗaya ce.

"Ruwan da nit tahi gulbi tun da asuba nid ɗebo, da sukarin ƙarshe na gidan ga, shi za ni zubar don ɗan boko ya yi mahwalki? In shina da magana, shi shigo shi hwaɗa mani da bakinai."

Ta san ba zai shigo ba. Ba mugunta ba ce. Adda ta kwana biyu ba ta rintsa ba, tsoro ya cika ta, kuma yarda da maganata daidai yake da yarda cewa ita da hannunta take cutar da jikarta. Ban ga laifinta ba, amma na ji kamar in fizge kwanon.

Na fito. Darnin kara ba ya ɓoye magana, Halliru ya ji komai. Ya tambaye ni ƙasa-ƙasa nawa aka sha daga kwanon, na ce kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ya dubi ƙofar shiga tsakar gida ya daɗe, har na ɗauka zai kutsa kai. Da ya yi hakan, na san Adda, sai ta ƙara kafewa, kuma abin da zai shiga tsakaninsu ba zai gyaru ba har kabari. Maimakon haka sai ya miƙe, ya zaga ta waje har daidai inda rumfar take, ya zauna a ƙasa dab da darni. Ya gyara murya, sai ga wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba, irin wadda ake jiyowa daga bayan aji.

"Kalilu, zamna. Ka daɗe kana tambayata abin da nika koya ma yara. Yau za ni gwada maka."

Ban taɓa tambayarsa ba ko sau ɗaya. Amma na zauna.

"In mutum yac ce ka ba shi ƙwaryar goro, guda nawa kaka ba shi?"

"Ɗari."

"Manya ko ƙanana?"

"Ko wane iri na, ƙwarya ɗari ta."

"Nauyinsu ɗaya?"

"Haba Malam! Ƙwaryar manya ai ta yi biyun ta ƙanana."

"To mu ma muna da ƙwaryarmu, mol muka ce mata. Gishiri, sukari, ruwa, dut abin da kag gani, tarin ƙwayoyi na ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ba su ƙirguwa ɗai-ɗai, don haka muka ƙirga su ƙwarya-ƙwarya kamar yadda kuka yi. Sai dai tamu ba ɗari ta ba."

Ya ɗauki tsinke ya rubuta shida a ƙasa, ya fara jera mata sifiri. Ya yi ta jerawa har layin ya iso ƙafata, dole na janye ta. Ashirin da uku ya jera.

"Wanga shi na yawan ƙwayoyin da ke cikin mol guda, ko na minene."

"Wane marar aikin yi yaz zamna yaƙ ƙirga wanga?" na ce, don bakina ba ya iya zama shiru.

Bai yi dariya ba. "Ba a ƙirga ba, aunawa anka yi. Kai ma in ka san ƙwarya nawa gare ka, sai ka ninka da ɗari ka san goro nawa. In yawan goron kas sani, ka raba da ɗari ka koma ƙwarya. Haka muka yi, sai dai da wagga doguwar lamba. Ka gane?"

"Na gane." Kuma da gaske na gane, abin ya ba ni mamaki.

"To ƙwayar sukari babba ta, ƙwayar gishiri ƙarama. Mol guda na gishiri, nauyinai giram hamsin da takwas da rabi. Mol guda na sukari, giram ɗari ukku da arba'in da biyu. Kusan ninki shidda ke nan. Yanzu in ka cika buhu da manyan goro, ka cika wani da ƙanana, wane ya hi yawan guda?"

"Na ƙanana mana."

"Hakanan cokali. Cokalin gishiri ya hi cokalin sukari yawan ƙwaya kusan sau shidda. Sannan gishiri na da wani hali da sukari ba shi da shi. In ya shiga ruwa, kowace ƙwaya rabuwa biyu taka yi. Shidda sau biyu?"

"Sha biyu."

"To ka gani. Cokali guda na gishiri, in yawan ƙwaya aka bi, ya kai sha biyu na sukari, ya ma hi. Ga ido dut hwari na, ga cokali dut ɗaya na, amma ba ɗaya na ba."

Tun da muka zauna nake jin ƙarar cokali a jikin kwano daga cikin gida. A daidai nan ƙarar ta ɗauke.

Halliru ya ci gaba, idonsa a kaina, ko sau ɗaya bai kalli darnin ba. "Cikin yaro bai san cokali ba, yawan ƙwaya shika ji. Shi kau ruwa, inda ƙwaya tah hi yawa can shika bi. In abin da anka ba yaro ya hi jininai yawan ƙwaya, sai ruwan jikinai shi baro jiki shi taho hanji, shi hita. Ana ba shi sha, shina bushewa."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Ya yi tari ya ɗora wa ƙura laifi.

"Ka taɓa barbaɗa ma yankakkar albasa gishiri?"

"Sai ta yi ruwa."

"To wata rana ka raba albasa biyu, ɓari guda ka sa mai gishiri, guda ka sa mai sukari daidai wannan, ka tsaya ka gani."

Daga nan ya koma kallon sifirin da ya jera a ƙasa. Ba abin da ake ji sai kukan Jamilatu, wanda ya koma siriri kamar na ɗan akuya. Akwai wata kafa a jikin darnin daidai fuskata, na leƙa. Adda na zaune, cokali a hannu, ba ta motsi. Na ga zufa na bin wuyan Halliru tana shiga riga, hannunsa kuma yana ta murza tsinken nan har ya karye. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar na lokacin ba. Ya faɗi duk abin da ya sani, kuma ba shi da ikon ƙara ko kalma guda.

Sai muryar Adda ta fito.

"Kalilu! Baƙon nan naka da yat taho muna da surutu, ya taho da sukari ko baki ɗai yak kawo?"

Kafin ta rufe baki kwalin yana hannuna. Na kai mata. Ba ta kalle ni ba. Ta ɗauko albasa ta raba biyu da wuƙa, ta murƙushe gefen ƙwayar sukari, ta ɗebi kaɗan da yatsu ta barbaɗa wa ɓari ɗaya, ta ɗebi gishiri daidai wannan ta barbaɗa wa ɗayan. Ta ajiye su a faifai ta zauna ta sa su gaba. Ba a jima ba mai gishirin ya fara zufa, ruwa ya taru a kansa har ya gangara. Mai sukarin kuwa ɗan danshi kawai ya yi.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta tsoma yatsa a kwanon ta kai baki, ta riƙe shi a harshe, ta tofar. Ta juya ta dubi yarinyar, ta ɗora mata tafin hannu a ka.

"Da hannuna," ta ce a hankali. Ba da ni take ba.

Ta sunkuci kwanon za ta watsar. Ni kuwa, ban san lokacin da na ce, "Adda, zubarwa za ki yi?" da ƙarfi ba. Sai ga muryar aji ta sake tasowa daga bayan darni.

"Kalilu! Abu guda nim manta ban hwaɗa maka ba. Ruwan da anka sa ma gishiri ukku ba ɓatacce na ba, rabon kwano ukku na anka haɗa wuri guda. A ce an sha kashi ɗaya cikin huɗu. Sai a ƙara mai tahwasasshen ruwa kwalba ukku, a jehwa ƙwayar sukari takwas, shi koma daidai, ba a yi asarar komi ba. In anka ɗanɗana, kak shi hi hawaye gishiri."

Adda ta tsaya da kwanon a sama. Sannan ta sauke shi.

"Ka ce ma baƙonka na san ɗanɗanon hawaye tun ba a haihe shi ba."

Akwai sauran tafasasshen ruwa a tukunya wanda ta ajiye don kunun yamma. Ta juye haɗin a babbar ƙwarya, ta auna kwalba uku, ta ƙirga ƙwaya takwas da ƙarfi yadda na bayan darni zai ji, ta motsa har suka narke. Ta ɗanɗana. Ta tallafo kan Jamilatu ta kai mata cokali. Yarinyar ta kau da kai, don ta san abin da cokalin ya saba kawowa. Adda ta shafa mata kaɗan a leɓe. Ta lasa, sannan ta buɗe baki.

Cokali na biyu ya shiga, na uku ya zube a wuyan yarinyar, don hannun Adda rawa yake yi. Ta dubi hannun kamar ba nata ba. Sai ta miƙe, ta ɗebi ƙwayoyin sukari a kwalin ta ƙulle a gefen zane, ta ɗauki ɓarin albasan nan biyu, ta yafa mayafi.

"Kalilu," in ji ta, da muryar da ta isa har zaure, "za ni gidan maƙwabcinmu Labbo. Ɗan matatai ma na gudawa, kuma na san abin da taka zuba mai, don ni nik koya mata da sahen ga. Daga can akwai gida biyu. Za ni daɗe." Ta tsaya tana gyara mayafin da ya riga ya gyaru. "Kai kau hannunka bai iya komi ba sai ƙirgan goro. Ka nemi wanda ya iya shi riƙe cokalin ga."

Ta fita ta ƙofar baya, wadda ba ta bi ta wajen darnin da yake zaune.

Ban ma kira shi ba. Na juya sai na gan shi a tsakar gida ba takalmi, yana tsaye kamar wanda ya shigo masallacin da ba na unguwarsu ba. Ya zauna a ƙasa gefen tabarmar, ya ɗauki Jamilatu ya ɗora a cinya, ya tallafe mata kai da gwiwar hannu. Yadda ya yi shi ba kuskure ya nuna mini ba yau ya fara ba, a bayan idonmu dai yake yi. Ina da tsokana a bakin harshe, mai kyau kuwa, na haɗiye ta.

Ya riƙa ba ta cokali ɗaya, ya jira, ya sake ba ta. In ta yi kamar za ta amayar sai ya dakata, ya shafa mata baya, sannan ya ci gaba. Ta yi gudawa, na kawo tsumma muka gyara ta, ya koma kan cokalinsa. Da aka kira azahar na karɓe ta ya yi salla a nan gefen rumfa, yana sallamewa ya miƙo hannu. Rana ta yi zafi, gari ya yi tsit, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Yarinyar ta yi barci, ta farka, ta sha, ta sake komawa. Na lura lokaci-lokaci yana kai hannu ya taɓa zanen da ke ƙarƙashinta.

"Mi kaka nema?" na tambaye shi.

"Hitsari."

"Hitsari kuma?"

"Yaushe rabonta da yi?"

Na yi tunani. "Adda ta ce tun jiya."

"In ta yi, ruwa ya zamna jikinta ke nan. In ba ta yi ba kahin la'asar, za mu ɗauke ta zuwa asibiti ko Inna ta yarda ko ba ta yarda ba."

Daga nan ni ma na koma kallon zanen. Mu biyu, manya da gemu, muka zauna muna jiran fitsarin yarinya kamar masu jiran hadari. Inuwar rumfa ta juya ta bar mu a rana, muka ja tabarma muka bi ta.

La'asar ta kusa sai na ga Halliru ya ƙame. Ya sunkuyar da kai. Wani duhu ya ɓullo a cinyar wandonsa, yana faɗi a hankali har ya kai gwiwa, ya fara ɗiga a ƙasa. Bai ɗaga ta ba, bai ko motsa ƙafa ba, ya bari ta gama. Kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka dariya ce, kuma dariyar ce, amma hawaye na zuba a kan yarinyar. Ita kuwa ta buɗe ido ta kama masa gemu. Na tashi na je duba awaki, waɗanda ba abin da ya same su.

Ba a daɗe ba muka jiyo Adda tun daga nesa. Ba ta taɓa shigowa gidanta da hayaniya ba, amma ranar sai da ta tsaya ta yi wa akuyar maƙwabta faɗa, ta gaisa da wata mata gaisuwa mai tsawo, ta yi tari, ta yi sallama har sau uku a ƙofar baya. Kafin ta shigo Halliru ya kwantar da yarinyar, ya ajiye cokali a ƙwarya, ya koma mazauninsa a bayan darni.

Adda ta nufi rumfa kai tsaye. Ta duba idon Jamilatu, ta taɓa mata harshe, sannan ta kai hannu ƙarƙashinta ta ji zanen a jiƙe. Ta shinshina hannun. Ta zauna daɓas a ƙasa tana ta hamdala, ba ta ko ɓoye kukanta ba. Da ta natsu sai ta dubi tabarmar ta ga a bushe take. Ta bi ƙasa da kallo, ta ga ɗigon da ya tashi daga gefen tabarma ya bi ta zaure ya fita.

Ta share fuska da mayafi. Ta kwance mabuɗi daga wuyanta ta miƙo mini.

"Buɗe adakata. Can ƙasa akwai wandon babanku. Ka kai ma baƙonka, ba a hawan babur da jiƙaƙƙen wando."

Tun da babanmu ya rasu ba ta taɓa bari ko ni in taɓa wandon nan ba. Na kai masa a bayan darni, ya karɓa da hannu biyu. Ya yi masa gajarta sosai, idon sawunsa duk a waje, amma da shi ya koma Isa ya gaya wa Rahmatu.